Darasin biyoshimi da gadon majinyaci

Kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon bakalorea, akwai gidaje a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai inda ake guɗa domin ɗa ko ɗiya ta samu gurbin karatun likita. Uba, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, yakan shiga lissafin kuɗin ɗaki da na abinci da na takardu na shekara 7 ko fiye. Uwa kuma ta fara kiran yaron "lokotoro" tun bai taka ƙofar jami'a ba. A zaton mutanen gida, da isarsa za a ba shi farar riga a kai shi gaban marasa lafiya. Abin da ke jiran sa dabam ne. Shekarun farko na zaman aji ne, ana koyon sassan jiki da aikin gaɓoɓi da fizik, da wani darasi mai suna biyoshimi wanda ɗalibai da yawa ke ambata da fargaba, kamar yadda direbobi ke ambaton muguwar hanya da damina.

Iyaye ba su cika sanin ko mene ne wannan darasi ba, sai ranar da yaro ya bugo waya ya ce shi ne ya kayar da shi. Alhali kuwa duk magidancin da ya taɓa karɓo takardar awon jini daga labo ya riƙe biyoshimi a hannunsa. Lambobin da ke bisa takardar, na sukari da na ƙoda da na hanta, daga wannan darasi suka fito. Likitan da ya fahimce shi, in ya duba takardar, yana ganin abin da ke gudana cikin jikin mutum. Wanda ya haddace shi domin jarrabawa kawai ya manta bayan sati biyu, zai dubi lamba ya rubuta magani bisa sabo. Saboda haka yadda ake koyon darasin a shekarar farko magana ce da ta shafi duk wanda wata rana zai kwanta bisa gadon asibiti.

Daga madafa zuwa aji

Kalmar ta faransanci ce, ma'anarta shimin abu mai rai, wato sanin sinadaran da aka gina jiki da su da yadda suke rikiɗa daga wannan zuwa wancan. Matan ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da shi a madafa ba tare da sun san sunansa ba. Mai miyar yakuwa takan jefa kanwa domin ta kashe tsami. Bikarbonat ɗin da ke cikin kanwar, irinsa ne jini ke amfani da shi wajen tsare kansa a ma'aunin pH tsakanin 7,35 da 7,45, kuma in ya kauce daga nan sosai, rai yana cikin haɗari. Mai kunun zaƙi takan zuba garin tsiron hatsi cikin kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi, domin cikin tsiron akwai amilaz, abin da ke yanyanka sitaci ya mai da shi sukari. Irinsa ne ke cikin yawun bakin mutum. Tsamin kindirmo kuwa na asid laktik ne, wanda tsokar ɗan kokowa ke fitarwa in karawa ta yi tsanani.

A Turai ma an daɗe ana zaton sinadaran jiki ba su haɗuwa sai cikin abu mai rai. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa sinadarin fitsari da ake kira ire cikin kwalba. A 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matso daga yis, wanda babu ƙwaya mai rai ko ɗaya cikinsa, yana iya sarrafa sukari. Daga nan aka gane cewa aikin jiki abu ne da ake iya aunawa, kuma bisa wannan ne aka kafa kowane labo na asibiti.

Manhajar farko tana da kashi uku. Na ɗaya shi ne sanin manyan dangogi 4 na sinadaran jiki: dangin sukari, dangin mai da kitse, furotin, da asid nikileyik irin su ADN masu ɗauke da gadon halitta. Na biyu shi ne anzim. Na uku shi ne hanyoyin da abinci ke bi har ya zama ƙarfi ko tsoka ko abin zubarwa.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane anzim, domin dillali ne. Dillalin shanu ba shi ne mai saniya ba, ba shi ne mai saye ba, amma in ba ya nan ciniki sai ya kwana bai faɗa ba. In an tafa, sai ya wuce ga na gaba bai ragu da komai ba. Kowane dillali da hajarsa, na shanu ba ya dillancin goro. Kuma in dabbobi suka cika kasuwa har kowane dillali ya kai iyakar abin da yake iyawa, ƙarin kaya ba ya ƙara saurin ciniki. Wannan na ƙarshe shi ne abin da Leonor Michaelis da Maud Menten suka rubuta da lissafi a 1913, lissafin da ke hana ɗalibai barci har yau. Magunguna da yawa aikinsu tare dillali ne: aspirin yana tare anzim mai ƙera sinadaran zafi da kumburi, penisilin kuma yana tare anzim ɗin da ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi.

Inda ake tuntuɓe

Yawancin masu shiga karatun likita sun fito daga ajin kimiyya na lise, rukunin D ko C, kuma ba rashin kai ne ke damun su ba. Abin da ke kayar da su shi ne ɗabi'ar da suka zo da ita, ta kwafe darasi a haddace shi a mayar wa malami yadda ya bayar. A lise wannan dabara tana iya fitar da mutum. A jami'a shafuka sun yi yawa, sunaye sun yi kama da juna, harafi guda ke raba wani sinadari da wani. Ɗalibi sai ya kwana yana maimaita matakai 10 na gilikoliz da matakai 8 na zagayen Krebs, in aka juya masa tambaya kaɗan ya rasa inda zai kama.

Akwai kuma matsalar misalai. Manyan littattafan darasin an rubuta su a Faransa da Amurka da Ingila, kuma sukan jawo misali daga cututtukan da suka fi damun mutanensu, irin su mikobisidoz. Ɗalibin da ya tashi a Madarumfa ko Mirya sai ya ɗauka darasin labarin wata duniya ne. Gaskiyar magana kuwa, da wuya a samu ƙasar da babukan biyoshimi suke kwance bisa gadajen asibiti a fili kamar Nijar. Misalai huɗu sun isa shaida.

Dutsen ado guda cikin 146

Na farko shi ne amosanin jini, wanda wasu ke kira emasi ko sikila. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna emoglobin, shi ke ɗaukar oksijen daga huhu zuwa sassan jiki. An gina shi da sarƙa 4, biyu ana ce musu alfa, biyu beta, kowace kamar tsakiyar da aka jera cikin zare. Duwatsun su ne asid amine, kuma sarƙar beta tana da 146. Ga mai amosanin jini, dutse na 6 kaɗai ya sauya: a maimakon asid gulutamik mai son ruwa, sai aka samu balin mai gudun ruwa. Da zarar emoglobin ya sauke oksijen, wannan balin sai ya manne wa maƙwabcinsa, su yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci, idanu su yi ɗorawa saboda yawan bilirubin da ke fita daga matattun ƙwayoyin.

Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa laifin yana cikin emoglobin, Vernon Ingram kuma ya gano dutsen da ya sauya a 1956 zuwa 1957 a Ingila. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa mai ɗauke da rabin gadon, wato AS, yana da kariya daga mugun zazzaɓin sauro, abin da ya bayyana yawan gadon a ƙasashen da sauro ya yi yawa.

Ɗalibin da ya gane wannan ba ya bukatar haddace shawarwarin da ake ba iyaye. Ya san dalilin da ya sa ake cewa yaro ya sha ruwa da yawa, a tsare shi daga sanyi, a gaggauta maganin zazzaɓi, domin ƙishirwa da sanyi da zazzaɓi duka suna taimaka wa ƙwayoyin su lanƙwashe su toshe hanya. Ya kuma san bambancin awo biyu da ake yi kafin aure. Awon Emmel yana nuna akwai S kawai, ba ya raba AS da SS. Awon elektoroforez shi ke rabawa, domin asid gulutamik yana ɗauke da cajin lantarki wanda balin ba shi da shi, saboda haka emoglobin S yana tafiya a hankali in aka sa shi cikin wutar lantarki. Akwai kuma emoglobin C, mai yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, wanda shi ma dutse na 6 ne ya sauya, amma zuwa lizin. Awon Emmel ba ya ganin sa, ga shi kuwa mai AC in ya auri mai AS suna iya haihuwar ɗa mai SC, wanda shi ma cuta ce. Kuma in an ce AS da AS suna da haɗarin 1 cikin 4, ana nufin kowane ciki da nasa lissafi. Ba a nufin in an haifi mai cutar guda, sauran ukun sun tsira. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta musamman mai kula da wannan cuta, amma yawancin iyaye wurin likitan garinsu za su fara jin wannan bayani, in ya iya yin sa.

Sukari, rumbu da canji

Misali na biyu shi ne sukarin jini, wato gulukoz. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma duk sukarin da ke yawo cikinsa bai wuce giram 5 ba, misalin ƙwayar sukari guda ta shayi. Ga shi ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a yini. Hanta ce rumbun gida, tana ajiye kusan giram 100 da sunan gilikojen tana fitarwa kaɗan-kaɗan. In rumbun ya ƙare, bayan kamar yini guda babu ci, sai ta koma ƙera sabon sukari daga furotin ɗin tsoka, jiki kuma ya juya ga kitse.

Amma hatsin rumbu dukiya ce da ba a biyan ɗan kabu-kabu da ita, sai an mai da ita kuɗi. Kuɗin jiki shi ne ATP, canjin da kowace ƙwaya ke biyan aikinta da shi. Gilikoliz yana fasa gulukoz guda ya ba da ATP 2 kawai. In akwai oksijen, sai ragowar ta shiga wani ɗan ɗaki cikin ƙwaya mai suna mitokondiri, ta bi zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937, jimilla ta kai kusan 30. Wanda ya gane wannan ya san dalilin da ya sa rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba ke kisa, domin siyanir ɗin da ke cikinsa yana rufe matakin ƙarshe na wannan hanya. Ya kuma san haɗarin kwana da garwashin gawayi cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari, domin iskar da ke fita daga gawayin tana kama emoglobin fiye da yadda oksijen ke kama shi sau 200 da wani abu.

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiri, da gilikoliz kaɗai suke rayuwa, kuma ba su daina cin sukari ko bayan an zuƙe jinin cikin kwalba. In aka bar kwalbar bisa tebur awa biyu ko uku cikin zafin watan Afrilu, sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya, mai ciwon sukari ya koma gida da murna. Shi ya sa ake sa filiyorir cikin kwalbar awon sukari, domin ya tare ɗaya daga cikin dillalan gilikoliz. Insulin kuma, wanda Frederick Banting da Charles Best suka fitar a Toronto ta Kanada a 1921, furotin ne mai asid amine 51, kamar yadda Frederick Sanger ya tantance a 1955. Tun da furotin ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama, shi ya sa ake yin sa da allura. Zafi ma yana ɓata shi, don haka inda babu firji ake neman sanyin randa a ajiye shi. Yaron da zazzaɓin sauro ya sumar, likita yakan fara auna sukarinsa, domin cutar tana rage shi, kinin kuma yana tunzura jiki ya ƙara fitar da insulin.

Akwai wani abu a nan da ya shafi masu fatauci kai tsaye. Labo da yawa a ƙasashe masu faransanci suna rubuta sukari da giram cikin lita. Mutumin Maraɗi da ya yi awo a Katsina ko Kano yana iya dawowa da takarda mai miligiram cikin desilita ko milimol cikin lita. Iyakar da ake cewa akwai ciwon sukari, in an auna kafin karin kumallo kuma aka maimaita, ita ce 1,26 a ma'auni na farko, 126 a na biyu, 7 a na uku. Lamba uku, ma'ana guda. Abin da ke haɗa su shi ne nauyin gulukoz, 180, wanda ake koyarwa a makonnin farko na darasin. Likitan da ya manta wannan yana iya firgita lafiyayye, ko ya sallami marar lafiya.

Gishiri, sukari da lita guda ta ruwa

Misali na uku shi ne zawo, wanda har yau yake cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara. A 1960 Ba'amurke Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gulukoz sai tare da sodiyom na gishiri, kuma in suka shiga, ruwa yana bin su. Ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari a wani sansanin ƴan gudun hijira a Indiya, sai ya shayar da masu kwalara ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauka daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100.

Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana da gulukoz giram 13,5 da gishiri giram 2,6 da ɗan potasiyom da sitirat, domin lita guda ta ruwa. Inda babu ƙunshin, ana sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwa tana iya tambaya me zai hana a ƙara sukari domin yaro ya fi sha, ko a ba shi lemun kwalba. Wanda ya fahimci darasin zai amsa mata cewa in sukari ya yi yawa cikin hanji, shi ke janyo ruwa daga jiki, zawon ya ƙaru. Wanda ya haddace awon kawai zai ce mata haka aka rubuta, ita kuwa ta yi abin da ta ga dama.

Hatsi da wake

Misali na huɗu shi ne tamowa. Cikin asid amine 20 da jiki ke gina furotin da su, 9 ba ya iya ƙera su, sai daga abinci. Hatsi da dawa suna da ƙarancin lizin, wake yana da shi da yawa. Wake yana da ƙarancin metiyonin, hatsi yana cike masa. Mai sayar da hatsi da mai sayar da wake a kasuwa, ashe abokan aiki ne wajen gina jikin yaro. Kuma garin tsiro da aka ambata a baya yana ba uwa damar dama kunu da gari mai yawa ba tare da ya yi kaurin da yaro zai kasa haɗiyewa ba.

A yunwar 2005 jihar Maraɗi ta zama wurin da duniya ta ga amfanin wannan ilimi a fili. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar cikin shekarar, yawancinsu a gidajensu, da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Ƙunshi guda na giram 92 yana ba da kilokalori 500, kuma tun da babu ruwa cikinsa, ƙwayoyin cuta ba su samun wurin yaɗuwa. Yaron da aka kwantar asibiti kuwa ba a fara masa da abinci mai ƙarfi. Ana fara masa da madarar F-75, mai kilokalori 75 cikin mililita 100, kafin F-100. Dalili shi ne in aka cika wa jikin da ya daɗe da yunwa abinci farat ɗaya, insulin yana tashi ya kora fosfat da potasiyom daga jini zuwa cikin ƙwayoyi, zuciya ta kasa. Tausayin da babu sani cikinsa yana iya kashe yaron da yunwa ta bari.

Yadda ya kamata a koya

Babu mai musun cewa akwai abin haddacewa. Sunayen asid amine 20 da manyan matakan hanyoyin abinci sai an riƙe su da ka, kamar yadda ɗan tireda ke riƙe farashin kayansa. Amma hadda tana zuwa ne bayan fahimta. Ga kowace hanya, ɗalibi ya tambayi kansa abu biyar: me ke shiga, me ke fita, a wace gaɓa ake yin ta, wane anzim ne mai tsaron ƙofa, kuma wace cuta ke bayyana in ta tsaya. Ya rufe littafi ya zana hanyar bisa allo da hannunsa. Ya koma ga shimin lise in lissafin mol da na pH ya kwance masa, domin gini ba ya tsayuwa bisa rami. Ya yi karatu kullum kaɗan-kaɗan tun daga satin farko, cikin ƙungiyar mutum uku ko huɗu masu yi wa juna tambaya. In ya samu hutu, ya nemi izinin zama labo na asibitin garinsu ya ga yadda ake awo, tun da gani ya kori ji.

Babban gwaji kuma shi ne harshe. Ana koyar da darasin da faransanci, amma majinyacin da za a tarar a Tasawa ko Ƙwanni ko Magarya da Hausa zai yi tambaya. Ɗalibin da ya iya bayyana wa mahaifiyarsa da Hausa dalilin da ya sa ba a haɗiye insulin, ya gane darasin. Wanda ya kasa sai ya koma ga littafi. Abdu Mumuni, masanin fizik haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya kare koyarwa cikin harsunan Afirka a littafinsa na 1964 bisa ilimi a Afirka. Jami'ar Maraɗi ma sunan masanin shimi take ɗauke da shi, Ɗandikko Ɗankulodo. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba baƙuwar kimiyya ba ce.

Malamai da hukumomin jami'a suna da nasu kaso. Bayan sashen kiwon lafiya na Yamai, jami'o'in Maraɗi da Damagaram ma sun buɗe nasu, abin da ya kawo karatun kusa da gida. Sai dai biyoshimi darasi ne na hannu da ido. Ɗalibin da ya auna sukari da kansa, ya ga layin S ya rabu da layin A, ba zai manta ba. Kuɗin kayan gwaji da sinadarai kuɗin darasi ne kamar albashin malami. Tambayoyin jarrabawa ma, in suka fara da yaro mai zawo ko mace mai amosanin jini, za su tilasta wa ɗalibi tunani.

Iyaye kuwa abin da ke kansu ba shi da wuya. Littafin biyoshimi mai kyau guda ya fi sabuwar waya amfani ga ɗan shekarar farko. Kiran sa gida domin kowane biki da kowane lissafin kanti yana cinye masa makonnin da ba su dawowa, musamman ɗiya mace da ake ɗora wa aikin gidan da ta sauka. Attajiran da ke gina rijiyoyi da makarantu suna iya tunawa cewa na'urar awo guda a ɗakin gwajin ɗalibai tana amfanar dubban marasa lafiya da ba su san sunan mai bayarwa ba. In yaro ya zo hutu, maimakon a tambaye shi maki nawa ya ci, a ɗauko tsohuwar takardar awon jini daga aljihu a ce ya bayyana abin da ke cikinta da Hausa. Amsar da zai bayar za ta nuna irin likitan da ake biya wa kuɗin karatu.